ƁAWON JATAN LANDE ZAI IYA HANA ƘARFEN ƊORI RUƁA A JIKI?

Daga Wakilinmu a Minna

Tun daga shekarar 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna hedkwatarta, garin nan bai daina bunƙasa ba, haka kuma hanyoyin da suka shigo shi ba su daina cika da motoci ba. Ga hanyar Suleja mai tsawon kimanin kilomita 100, ga ta Bida, ga kuma wadda ta bi ta Zungeru da Tegina ta nufi Kwantagora, kowacce dare da rana tana ɗauke da manyan motocin dakon kaya da tankokin mai, ga 'yan babura suna kutsawa a tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutane kimanin miliyan 1.19 a kowace shekara a faɗin duniya, waɗanda kuwa suke tsira da raunuka sun ninka wannan adadi sau da yawa. Mafi yawan raunin da kan daɗe yana wahalar da mai shi kuwa shi ne karaya.

In an kai mai karaya Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko kuwa an wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, sau da yawa maganar da likita kan yi ita ce sai an sa ƙarfe. Da jin haka wasu dangi kan tattara mara lafiyarsu su nufi gidan maɗori. Wani tsadar aiki ce ke korarsa, wani kuwa labari ya ji na wanda aka sa wa ƙarfe wurin ya yi ta zubar da mugunya wata da watanni. Wannan tsoro na biyu yana da tushe, likitoci da kansu ba su musanta shi ba, kuma shi ne ya sa masana kimiyya a ƙasashe da dama suka duƙufa neman abin da za a shafe ƙarfen da shi kafin a sa shi a jiki. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi sa wa rai ana samunsa ne daga ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, sunansa kaitosan.

YADDA ƘARFE YA SHIGA AIKIN ƊORI

Sa ƙarfe a ƙashi bai daɗe ainun ba in an gwada shi da ɗorin gargajiya. A shekarar 1939 ne wani likitan Jamus mai suna Gerhard Küntscher ya fara zura doguwar ƙusa ta cikin ramin ɓargon ƙashi don ta riƙe karaya daga ciki, aka kuma yi amfani da dabarar ƙwarai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1958 wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta tsara ƙa'idojin ɗaure karaya da fallen ƙarfe da sukurori. A 1962 kuma Dokta John Charnley na Asibitin Wrightington a Ingila ya fito da kwatangwalon roba da ƙarfe wanda ake musanya na mutum da shi in ya lalace.

Ƙarafan da aka fi amfani da su iri uku ne: ƙarfe marar tsatsa, wanda shi ya fi araha, shi kuma aka fi gani a asibitocinmu, sai gamin kobal da kuromiyam, sai taitaniyam. Labarin taitaniyam yana da ban mamaki. A 1952 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya dasa wata 'yar na'ura ta taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo don nazarin gudanar jini. Da ya gama ya zo cire ta, sai ya iske ƙashi ya manne da ita gam. Daga nan ne aka gane cewa akwai ƙarfen da ƙashi kan amince da shi har ya tsiro a jikinsa.

Amfanin wannan aiki a bayyane yake. Mai karayar cinya wanda a da zai kwanta wata uku an rataya wa ƙafarsa nauyi, yau in an sa masa ƙusa yakan tashi da sanduna cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma masu amosanin jini, watau sikila, waɗanda ake ƙiyasta ana haihuwar kimanin 150,000 daga cikinsu a Nijeriya kowace shekara. Da yawansu kan kwatangwalonsu kan mutu tun suna samari saboda toshewar jini, ba abin da zai mai da su kan ƙafafunsu sai musanya gaɓar.

TSERE ZUWA BAYAN ƘARFE

To, ina matsalar take? Nama mai rai yana da hanyoyin jini, kuma ta nan ne dakarun jiki, watau fararen ƙwayoyin jini, suke bi su kai ɗauki, ta nan ne kuma magani kan isa wurin ciwo. Ƙarfe kuwa ba shi da jijiya ko ɗaya. Duk ƙwayar cutar da ta samu ta sauka a bayansa ta sami mafaka. Tun a 1957 wasu likitoci biyu a London, Elek da Conen, suka nuna cewa in akwai ɗan zaren ɗinki a cikin fata, yawan ƙwayoyin cutar da ake bukata su haddasa maruru yakan ragu kamar sau 10,000. In zare ya yi haka, ina ga fallen ƙarfe mai tsawon taƙi guda?

A 1987 wani likitan ƙashi na Amurka, Anthony Gristina, ya kwatanta al'amarin da tsere. Da zarar an sa ƙarfe an ɗinke, sai ƙwayoyin halittar jiki da ƙwayoyin cuta su shiga rige-rigen mallakar bayansa. In na jiki suka riga, sai su lulluɓe shi, ya zama ɗan gida. In na cuta suka riga, musamman wadda ake kira Sitafilokokas, mai zama a fata da hancin mutane da yawa ba tare da ta dame su ba, sai su fitar da wani yauƙi su gina wa kansu ganuwa, kamar dai gansakukar da kan kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ƙwayoyin da ke cikin wannan ganuwa sukan jure wa maganin da ya ninka wanda ke kashe 'yan'uwansu na sarari sau ɗaruruwa, har zuwa sau 1,000.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mai irin wannan ciwo yakan sha allura ya ga sauƙi, ana daina maganin sai kumburi ya dawo. A karayar da ƙashi bai huda fata ba, waɗanda ƙarfensu kan harbu ba su cika wuce 1 ko 2 cikin 100 ba. Amma a mummunar karayar da ƙashi ya fito waje ya taɓa ƙasa da ƙurar hanya, irin wadda ɗan babur kan samu a ƙwauri, adadin yana iya kaiwa 30 cikin 100. In haka ta faru, galibi sai an sake fiɗa, a cire ƙarfen, a kankare mataccen ƙashi, a sha magani makonni shida ko fiye, sa'an nan a sake sa wani. Ga magidancin da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin aikin farko, wannan ba ƙaramar musiba ba ce, kuma wani lokaci ƙarshenta yanke ƙafa.

MENE NE KAITOSAN?

Duk wanda ya taɓa ɓare ƙaguwa ko ya tauna ƙafar fara ya san kaitin, ko da bai san sunansa ba. Shi ne sinadarin da ke ba ɓawon waɗannan halittu tauri, akwai shi a jikin gara da kyankyaso, akwai shi kuma a naman kaza da ke tsirowa da damina. In aka ɗebe sinadarin da ke cikin itace da auduga, babu wani irinsa da ya fi shi yawa a bayan ƙasa. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya fara tsamo shi daga naman kaza a 1811. A 1859 wani ɗan ƙasarsa, Charles Rouget, ya dafa shi da sinadari mai kaifi irin na sabulu, ya ga ya rikiɗa ya zama abin da ke narkewa a ruwa mai ɗan tsami, a 1894 kuma Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya raɗa wa wannan sabon abu suna kaitosan.

Hanyar yinsa a yau ba ta yi nisa da ta da ba. Za a wanke ɓawon a shanya a niƙa. Sai a jiƙa shi a ruwan asid marar ƙarfi don alli ya narke ya fita, a dafa shi da ruwan sodar sabulu don sauran nama ya rabu da shi. Abin da ya rage shi ne kaitin, wanda kan kai kashi 15 zuwa 40 cikin 100 na nauyin ɓawon. Daga nan sai a sake dafa shi da soda mai kauri ƙwarai a wuta mai zafi, a sami farin gari mai kama da garin rogo. An ƙiyasta cewa masana'antun kifi na duniya suna zubar da ɓawon jatan lande da ƙaguwa tan miliyan 6 zuwa 8 kowace shekara. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Halayensa ne suka ja hankalin likitoci. Mai karatu ya san batir yana da kai biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kuma kishiyoyi ne ke jan juna. Kaitosan in ya narke a ruwa mai tsami yana ɗauke da cajin tarawa, bangon ƙwayar cuta kuwa na ɗebewa gare shi, saboda haka yakan manne mata ya lalata bangon har abin da ke cikinta ya tsiyaye. Haka nan yake manne wa jajayen ƙwayoyin jini ya sa su dunƙule, shi ya sa a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bandejin HemCon da aka yi da shi, wanda sojojin ƙasar suka yi ta tsai da jini da shi a Iraƙi da Afganistan. Bugu da ƙari, ƙirarsa ta yi kama da ta wasu sinadaran da ke cikin guringuntsi, don haka ƙwayoyin da ke gina ƙashi sukan zauna a kansa su hayayyafa. Kuma ba ya dawwama: akwai wani sinadari a jikin mutum, wanda ake samu har a hawaye da yawu, da kan narkar da shi sannu a hankali.

YADDA AKE SHAFA SHI

Hanya mafi sauƙi ita ce irin ta marina. A narkar da garin a ruwan tsami, a tsoma ƙarfen, a ɗaga, a bari ya bushe, a sake tsomawa har shafen ya yi kaurin da ake so. Aibinta shi ne shafen bai cika kama ƙarfe da kyau ba. Saboda haka wasu sukan fara wanke ƙarfen da wani sinadari da ke zama kamar gam, hannu ɗaya ya riƙe taitaniyam, ɗaya ya riƙe kaitosan. Ta wannan hanya ce Joel Bumgardner da abokan aikinsa a Amurka suka bi, inda a 2007 suka ba da rahoton cewa sun dasa 'yan sandunan taitaniyam masu wannan shafe a ƙashin ƙafar zomaye, ƙashi ya tsiro a kewayensu kamar yadda yake yi a kan shafen sinadarin ƙashi da aka riga aka saba da shi, ba tare da wani kumburin a zo a gani ba.

Hanya ta uku ta lantarki ce, kuma duk wanda ya ga yadda ake yi wa 'yan kunne ruwan zinariya zai gane ta. Ana tsoma ƙarfen a ruwan kaitosan, a haɗa shi da kan batir mai alamar ɗebewa, sai garin ya yi ta tafiya yana kwanciya a jikinsa daidai wa daida, har cikin lungunan sukuru. Farfesa Aldo Boccaccini na Jami'ar Erlangen a Jamus yana cikin waɗanda suka yi suna a kan wannan dabara. Ba ta bukatar zafi, kuma kayan aikinta ba su da tsada.

Babban abin da ake hange shi ne shafen ya zama masaki. Ana iya cuɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin ko bankomaisin, ko ɓurɓushin azurfa, ko garin sinadarin ƙashi wanda ake iya samu daga ƙonannen ƙashin shanu. Yayin da shafen yake narkewa, sai maganin ya riƙa fita a daidai wurin da ake tseren, a daidai kwanakin farko da suka fi haɗari, maimakon a ɗura wa mutum allura mai yawa wadda za ta zaga jiki duka ta wahalar da ƙoda.

INDA GIZO KE SAƘA

Wajibi ne a faɗa wa masu karatu a fili cewa har yanzu galibin wannan aiki yana ɗakunan bincike ne da kan dabbobi. Ƙarfe mai shafen kaitosan bai zama abin da likita zai buɗe kabad ya ɗauko ba, ko a Turai balle a Minna. Waɗanda suka riga shi isa jikin mutane wasu ne daban: ƙusar ƙwauri mai shafen jentamaisin da aka fara amfani da ita a Turai, da gaɓoɓi masu ruwan azurfa da ake sa wa masu cutar dajin ƙashi, da taitaniyam mai aidin da likitocin Jami'ar Kanazawa ta Japan suka jarraba.

Dalilan jinkirin suna da yawa. Likitan ƙashi da guduma yake aiki, yana buga ƙusa cikin ɓargo, yana ɗaure sukuru da ƙarfi, shafen da bai kama sosai ba kuwa zai saɓule tun a bakin ƙofa. Sa'an nan ƙarfin kaitosan na kashe ƙwayoyin cuta ya fi fitowa a wuri mai tsami, jinin mutum kuwa ba shi da tsami, abin da ya sa masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin da wasu wurare suke sauya ƙirarsa don ya riƙe cajinsa a kowane hali. Tukunyar tururi da ake dafa kayan fiɗa da ita tana iya raunana shi. Garin da aka yi daga ɓawon wannan teku yakan bambanta da na wancan, alhali kuwa abin da za a sa a jikin mutum dole ya zama iri ɗaya kullum. In kuma ba a tace shi sarai ba, sauran naman da ya maƙale yana iya tayar wa wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande da borin jini. Akwai kuma fargabar cewa magani da ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan na dogon lokaci zai iya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

RABON MINNA A CIKIN WANNAN AIKI

Wani zai ce, me ya haɗa Jihar Neja da jatan lande, alhali ba ta da teku? Gaskiya ne busasshen da matanmu ke saye a Kasuwar Kure daga gaɓar tekun Akwa Ibom da Kuros Riba ake kawo shi, kuma da ɓawonsa ake daka shi a zuba a miya. Amma jihar tana da Kogin Kwara da Kogin Kaduna, tana da tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro, inda ake samun ƙaguwa da jatan lande na ruwan daɗi, tana kuma da Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa a New Bussa. Ban da wannan, masu soya fara a kasuwannin Arewa fiffike da ƙafafu suke cirewa su zubar, kuma masana sun riga sun tabbatar ana samun kaitin a jikin fara, muddin an kauce wa wadda aka kashe da feshin magani.

Mafi muhimmanci, a nan Minna akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, mai mazauni a Bosso da Gidan Kwano, tana da sassan koyar da injiniyancin ƙarafa da na sinadarai da nazarin ƙananan halittu. Aiki ne da ba mai iya yinsa shi kaɗai. Mai ilmin sinadarai zai tace garin, injiniya ya shafa ya gwada ƙarfin kamunsa, mai nazarin ƙwayoyin cuta ya jarraba shi a kan ainihin ƙwayoyin da ake samu a raunukan majinyatanmu, likitan ƙashi kuma ya faɗi abin da zai yiwu a ɗakin fiɗa. Akwai ma gurbin da ya dace da mu: yawancin binciken ƙasashen waje a kan taitaniyam ake yinsa, mu kuwa ƙarfe marar tsatsa ne talakanmu ke iya saye. Ya kamata Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu da Hukumar Bunƙasa Albarkatun Masana'antu su dubi wannan fage, Hukumar NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ta tsaya tsayin daka kada wani ɗan kasuwa ya riga bincike ya fara tallan ƙarfen da ba a jarraba ba.

KAFIN RANAR TA ZO

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma mai karaya ba zai jira masana su gama ba. Abubuwan da ke hana ƙarfe ruɓa a yau sanannu ne. Shi kansa Charnley, da tsabtace iskar ɗakin fiɗa da kyautata suturar ma'aikata ya rage harbuwa daga kusan 9 cikin 100 zuwa kimanin 1 cikin 100. Saboda haka haƙƙi ne a kan gwamnatocinmu su wadata asibitoci da ruwa da wuta da injinan dafa kayan aiki, su kuma gyara hanyoyin da ke kawo mana waɗannan raunuka.

Jama'a su ma suna da nasu rabon. In ƙashi ya huda fata, a rufe wurin da tsumma mai tsabta a garzaya asibiti cikin sa'o'in farko, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki, kada a yi ƙoƙarin mai da ƙashin ciki. Maɗoranmu sun daɗe suna yi wa al'umma hidima, kuma nagari daga cikinsu sun san irin karayar da ta fi ƙarfin kara da tsumma, sun kuma san ɗauri mai tsanani yana kashe hannu ko ƙafa. Wanda aka sa wa ƙarfe ya bar shan taba, mai ciwon sukari ya kula da sukarinsa, a shanye magani yadda likita ya ce, in an ga ja ko kumburi ko ruwa yana fita ko zazzaɓi a koma asibiti nan da nan, domin ganuwar ƙwayoyin cuta tun tana ɗanya ake iya rushe ta ba tare da an cire ƙarfen ba.

Muna fata masu ilminmu na Gidan Kwano da sauran jami'o'in ƙasar nan za su shiga wannan fage da himma, don in ranar ta zo a ce da hannunmu a ciki. Allah Ya kiyaye mu haɗarin hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.